Ba Notre Dame ce ta fara jefa ƙwallo gaba ba

Har gobe da yawa daga masoya ƙwallon Amurka na jami'o'i suna cewa jami'ar Notre Dame ce ta ƙirƙiro jefa ƙwallo gaba a kakar 1913. Ba haka ba ne.

Tabbas ranar 1 ga Nuwamba ta lallasa makarantar sojoji ta West Point da ci 35 da 13, ɗan wasanta Gus Dorais na cillawa, Knute Rockne na cafewa a guje. Amma tun 1906 doka ta halatta jifan, bayan mace-macen 'yan wasa a 1905. A 1906 ɗin ce jami'ar Saint Louis, ƙarƙashin koci Eddie Cochems, ta riƙe shi makami, ta cinye wasanninta 11 kaf. Notre Dame ta yi nata ne a gaban 'yan jaridar New York, sai suna ya bi ta. Yana min ciwo yadda aka manta da Cochems.