Waiwaye: Tun yaushe magani ya fara daina ci?

Kwana biyu ana ta cacar baki kan dalilin da ya sa mutum zai sha maganin taifod ko na sanyi har kati biyu amma shiru, wasu su ce jabu ne ya cika kasuwa, wasu su ce ai cutukan zamani ne. Jabu kam akwai shi, amma maganar yadda ƙwayoyin cuta ke gagarar magani ta girmi yawancinmu.

Kowa ya san labarin Fleming, masanin da ya gano maganin kashe ƙwayoyin cuta na fenisilin a 1928, da gargaɗin da ya yi a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai sa ƙwayoyin cuta su saba da shi. A lokacin an ɗauka abin a hankali yake tafiya, ƙwaya ta gagari magani ɗaya, 'ya'yanta su gada, shi ke nan.

Inda ba a cika waiwaya ba shi ne Japan. Bayan yaƙin duniya na biyu atuni ya addabe su, a 1955 sai ga ƙwayar Shigella mai kawo shi ta gagari magunguna har huɗu a tashi ɗaya, ciki har da tetarasaikilin, kafson nan ja da yalo da ake saya a kemis ko a tiren mai talla. Abin ya ɗaure wa likitoci kai, don gado kaɗai ba ya yin wannan saurin. Da aka duba bayan gidan marasa lafiyan sai aka tarar ƙwayar E. coli, wadda ke zaune lafiya a hanjin kowa, ita ma magungunan nan huɗu ba sa taɓa ta. A 1959 masu bincike Ochiai da Akiba suka haɗa ƙwayoyin biyu wuri guda a ɗakin bincike, sai ga taurin kan ya tsallaka daga wannan zuwa waccan. Ashe wani ɗan zoben ƙwayar halitta suke miƙa wa juna, kamar ɗalibai da satar amsa, ko jinsinsu ba ɗaya ba. Sai da wani masanin Japan, Watanabe, ya rubuta bayanin binciken da Turanci a 1963 kafin duniya ta saurara sosai.

To ka ga ke nan duk kafson da aka haɗiya don mura ko ciwon kai, ko aka zuba wa kaji a ruwa don su yi saurin girma, horo ne ake ba ƙwayoyin hanji, su kuma su ajiye su jira baƙuwa mai cuta ta shigo su miƙa mata. Tun 1969 wani rahoto a Ingila ya ja kunne kan na dabbobin, amma aka ci gaba a ƙasashe da yawa.

A 2015 aka ga irin zoben nan a aladu a Sin, yana kare ƙwayoyi daga kolistin, maganin da likitoci ke komawa idan saura sun gaza. Wani ƙiyasi kuma ya ce a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 wannan matsala ta kashe kai tsaye a duniya, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki.