Waiwaye: Abin da ya sa mutumin Zongo ke tsoron ƙofar hukuma

Kakata a Aboabo, wata unguwar Zongo a Kumasi ta ƙasar Gana, har ta koma ga Allah ba ta rabu da wani gwangwanin alewa da ke ƙarƙashin gadonta ba. Ciki takardun haihuwa ne da tsofaffin rasit ɗin haraji, an naɗe su da leda. In ka taɓa, sai ta ce, "Kai yaro, ba ka ga zamanin Busia ba."

Tsoron nan ya girmi Busia, tsohon Firaministan Gana. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, Sarkin Zongon Kumasi, zuwa Najeriya, bayan ya tsaya tare da 'yan adawa. A shekarar ce kuma aka hana jam'iyyun addini da na ƙabila, jam'iyyar Musulmi ta MAP ta bi ruwa. Sai ga Nuwamban 1969: gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama sati biyu ya bar ƙasar. An sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, har waɗanda aka binne cibiyarsu a Kumasi sun hau mota. Waɗanda suka rage suka koyi kama baki, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Tsarin mulkin 1992 ne ya juya lissafin, ƙuri'ar Zongo ta yi daraja. Musulmi biyu sun zama mataimakan shugaban ƙasa, Aliu Mahama a 2001, Bawumia a 2017, shekarar da aka kafa ma'aikata da asusun raya Zongo. Ma'aikatar dai ba ta wuce 2021 ba. A 2025 ɗan majalisar Asawase ta Kumasi, Muntaka Mubarak, ya karɓi ma'aikatar cikin gida, wadda hukumar shige da fice ke ƙarƙashinta.

Amma ni a ganina, layin zaɓe kawai muka iya. Ranar zaɓen shugaban ƙasa tun asuba ake cika rumfa, ranar zaɓen asambiliman kuwa, wato kansilan unguwa, wanda kwata da bola suka rataya a wuyansa, sai ka iske ma'aikatan suna gyangyaɗi. Wata doka da aka yi a 2019 ta ba kowa damar rubuta wa ofishin gwamnati ya tambayi nawa aka kashe a wani aiki. Na kawo zancen a majalisar shayinmu, kan kwatar bayan masallaci da ke ambaliya duk damina. Wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To, sunan wa za a sa a takardar?"