Haɗin Kai da Saɓani a Ikilisiyar Farko bisa ga Sabon Alkawari

Littafin Ayyukan Manzanni da wasiƙun Bulus su ne manyan madogara a kan zaman Kiristocin farko, daga wajen shekara ta 30 zuwa ta 60 bayan haihuwar Almasihu. Ayyukan Manzanni, wanda al'adar ikilisiya ke danganta wa Luka, ya nuna jama'ar Urushalima suna da zuciya ɗaya, suna cin abinci tare gida gida, masu hali kuma suna sayar da filayensu su kawo kuɗin gaban manzanni, kamar yadda Barnaba ya yi. Amma littafin bai ɓoye cewa gunaguni ya taso da wuri ba: a babi na 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake matansu da mazansu suka rasu wajen rabon abinci na kullum, sai aka zaɓi mutum bakwai, ciki har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu aikin.

Babbar rigima ta zo ne da shigar Al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba. Wasu da suka zo Antakiya daga Yahudiya sun koyar cewa babu ceto sai da kaciya bisa ga Shari'ar Musa, Bulus da Barnaba kuwa suka ƙi amincewa, aka kai maganar Urushalima. Masana da yawa suna sa wannan taro tsakanin shekara ta 48 da ta 50. Bisa ga babi na 15, Bitrus ya ba da shaidar yadda Al'ummai suka ji bishara ta bakinsa suka kuma karɓi Ruhu Mai Tsarki, sannan Yakubu ɗan'uwan Yesu ya yanke shawara cewa kada a ɗora musu kaciya, sai dai su guji abincin da aka miƙa wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Uku daga cikin huɗun nan sun shafi abinci, abin da ke nuna cewa ainihin damuwar ita ce yadda Bayahude da Ba'al'umme za su zauna su ci a akushi ɗaya.

A kan cin abincin ne kuwa aka yi karo mafi zafi. A wasiƙarsa ga Galatiyawa babi na 2, Bulus ya ce Bitrus yana ci tare da Al'ummai a Antakiya, amma da wasu suka iso daga wurin Yakubu sai ya janye jiki, sauran Yahudawa suka bi shi, har da Barnaba. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a, ya kira abin munafunci. Bai faɗi yadda aka ƙare ba, kuma wasu masu nazari suna ganin shirun nan alama ce ta cewa bai yi rinjaye a ranar ba. Luka bai ambaci wannan karo ko kaɗan ba. Dalilin rabuwar Bulus da Barnaba da ya bayar shi ne gardama a kan Markus, abokin tafiyarsu wanda ya bar su a Bamfiliya, har Barnaba ya tafi da shi Kubrus, Bulus kuma ya ɗauki Sila. Ferdinand Christian Baur, malami a Tübingen ta Jamus, ya yi hasashe a 1831 cewa ikilisiyar farko ta rabu gida biyu, na Bitrus da na Bulus, ra'ayin da masana na baya suka ga ya yi tsauri.

A Korinti rarrabuwar ta biyo sunayen shugabanni, wani ya ce shi na Bulus ne, wani na Afolos mai wa'azi, wani na Kefas, wato Bitrus, kuma a Jibin Ubangiji, abincin da masu bi ke ci tare don tunawa da Yesu, mawadata suna ƙoshi talakawa suna jin yunwa.

Bulus ya ɗauki shekaru yana tara gudummawa daga ikilisiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima, yana mai cewa Al'ummai suna da bashin alheri a wuyansu. A Romawa babi na 15 ya roƙi a yi addu'a domin tsarkakan Urushalima, wato masu bi na can, su karɓi kyautar, abin da ke nuna cewa bai tabbata za su karɓa ba. Da ya isa, Yakubu da dattawa suka shawarce shi ya yi tsarkakewa a Haikali tare da mutum huɗu domin kashe jita-jitar cewa yana hana Yahudawa bin Shari'a, kuma a can aka kama shi. Luka bai bayyana abin da aka yi da gudummawar ba.