Tallafin Noma a Kano

Tallafin noma shi ne rangwame ko gudummawar da gwamnati ke ba manoma don rage musu tsadar aikin gona. A Kano ba kasafai yake zuwa a matsayin kuɗi a hannu ba. Galibi taki ne, kamfa da yuriya, sai iri, maganin feshi, wani lokacin injin ban ruwa. Shi ya sa idan manomin Kura ko Gezawa ya ce "tallafi ya zo", buhu yake nufi.

Manyan ofisoshin da ke kula da tallafin a birni suke. Hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta jihar, KNARDA, wadda aka kafa a farkon shekarun 1980 da taimakon Bankin Duniya, ita ke da malaman gona, kamfanin KASCO kuma shi ke haɗa taki yana sayarwa. Daga nan kaya ke fita zuwa ƙananan hukumomi 44 na jihar.

Rangwamen taki ya kankama ne tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976. Gwamnatin soja ta janye shi a 1997, aka maido da shi a 1999 bisa kashi 25 cikin ɗari. Tsarin wancan lokaci shi ne gwamnati ta sayo, ta raba ta hannun jami'ai da shugabannin mazaɓu. A nan gizo ke saƙar: buhun da aka ware wa ƙaramin manomi sai a tsince shi a kasuwa da cikakken farashi.

A 2012 ministan noma Akinwumi Adesina ya kawo shirin GES. Manomi ya yi rajista, saƙo ya shigo wayarsa, ya je wurin dillalin da aka amince da shi, ya karɓi buhu biyu a kan rabin kuɗi, tarayya da jiha su cike sauran. Dabarar ta rage 'yan tsakiya, amma buhu biyu ba ya kai mai kadada guda ko'ina, kuma wanda ba shi da waya ko sabis a ƙauyensu sai ya yi ta zarya. A Nuwamban 2015 Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Kebbi, manoman shinkafar Kano da dama suka shiga ta ƙungiyarsu ta manoman shinkafa, RIFAN. Wannan bashi ne daga Babban Banki, ana biya da amfanin gona, sai dai wasu sun ɗauke shi rabonsu na arzikin ƙasa, biya ya yi wuya. Daga baya yarjejeniya da Maroko ta sa an sayar da kamfa a kan naira 5,500.

Babban abin da ke kashe tallafi shi ne makara. Masara tana son taki tun tana makonni biyu zuwa uku da tsiro. In buhu ya iso a Agusta, ta riga ta yi rawaya, sai mai shi ya sayar ko ya ajiye wa noman rani. Masu noman rani a Kadawa da Garun Malam, da ke shan ruwan madatsar Tiga, sun fi morewa, don suna da shuka biyu a shekara.

Manoman kewayen birni kuwa, irin su Ungogo da Kumbotso, ba su taɓa sakin tsohuwar hanya ba. Tun da rani ake kwaso takin dabbobi da tokar bola daga unguwanni, da a mangalar jaki, yanzu har da tifa, a jibge tsibi-tsibi a gona ana jiran ruwan farko.