Aikin otal ba zubar da mutunci ba ne

A Kano, yaro ya ce ya samu aiki a otal, sai ka ga fuskar iyayensa ta canza. An daɗe ana ɗaukar otal a matsayin matattarar giya da mata, shi ya sa gidaje da yawa ba sa barin 'ya'yansu su kusanci sana'ar. Wannan fahimtar tana cutar da mu.

Su wane ne ke cika ɗakunan? 'Yan kasuwar da ke zuwa Kantin Kwari sarin atamfa daga Nijar da Chadi da Kamaru, da mahalarta taro, da dangin ango da amarya. Tun 2000 jihar take bin shari'a, kuma Hisba na sa ido.

Masu otal kuwa kullum kukansu ɗaya. Majiya ƙarfi sun cika gari, amma kukun da zai fitar da abincin mutum 200 a kan lokaci yana wuyar samu. Haka mai karɓar baƙi da ya iya kwamfuta, ya iya tarbar wanda ya sauka ƙarfe biyun dare a gajiye. Hatta gyaran gado koyonsa ake yi, yadda za a ja zanin ya miƙe ba tattara. Ga makarantar NIHOTOUR, cibiyar horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, nan a Bagauda tana koyar da wannan, mu kuma muna kawar da kai.

Masu otal ɗin ma da nasu laifin. Wanda ya kwana a tsaye, aka ba shi abin da bai kai mafi ƙarancin albashi na ₦70,000 ba, yana ƙwarewa zai tattara ya nufi Abuja.