Tasirin ƙwayoyin gane-gane da masu raba hankali da jiki a kan ɓeraye

Ƙwayoyi masu jirkita fahimta da ake gwadawa a kan ɓerayen ɗakin bincike akasari kashi biyu ne. Akwai masu sa gane-gane, irin su LSD, silosaibin da maskalin, waɗanda ke kunna wata makarɓa a ƙwaƙwalwa mai suna 5-HT2A, wato wurin da ke karɓar saƙon sinadarin sirotonin. Akwai kuma masu raba hankali da jiki, irin su ketamin, PCP da MK-801, masu toshe ƙofar makarɓar sinadarin gulutamet da ake kira NMDA. Da yake ɓera ba zai faɗi abin da yake gani ba, motsinsa ake aunawa.

Girgiza kai

Mintuna kaɗan bayan an yi wa ɓera ƙaramin iri (mouse a Turance) allurar maganin gane-gane, sai ya riƙa girgiza kai hagu da dama da tsananin sauri, kamar wanda ruwa ya shiga wa kunne. An fara lura da hakan da LSD a wajajen 1956, sannan a 1967 Corne da Pickering suka nuna cewa yawancin ƙwayoyin da ke sa mutum gane-gane suna haddasa shi. A 2007 González-Maeso da abokan aikinsa suka gano cewa ɓerayen da aka cire wa 5-HT2A ba sa girgizar sam. Wani magani mai suna lisuraid yana kama wannan makarɓa, amma ba ya sa girgiza, kuma ba ya sa mutum gane-gane. Wannan ne ya ƙara wa gwajin daraja.

Maganin gane-gane da aka fi aiki da shi a wannan gwaji shi ne DOI, kimanin miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin dabba, a ƙirga girgizar na minti 10 zuwa 30. Ƙirga da ido na yaudara, domin susa da gyaran gashi kan shige cikin lissafi, shi ya sa ake liƙa ɗan maganaɗisu a kan ɓeran a sa shi cikin naɗin waya mai ɗaukar motsin. Idan maganin ya yi yawa, girgizar raguwa take yi. Idan aka maimaita allura washegari, jiki ya riga ya fara sabawa.

Masu toshe NMDA

An haɗa ketamin a 1962 a madadin PCP, amma sai a 1983 David Lodge da abokansa suka nuna cewa NMDA suke toshewa. Idan aka ba da ɗan kaɗan, maganin kan sa ɓera yawo ba tsayawa da zagaye wuri ɗaya. Mai yawa kan sa shi tangaɗi ya faɗi. Suna kuma lalata tace sauti: ɓera mai lafiya ba ya razana sosai da ƙara mai ƙarfi idan ƙarama ta riga ta, wanda aka yi wa MK-801 kuwa yana razana kamar ba a gargaɗe shi ba. A ɓeraye babban iri (rat a Turance), matan sun fi mazan jin MK-801.

A 1989 John Olney ya ba da rahoton ƙananan ramuka cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwar manyan ɓerayen da aka bai wa waɗannan magunguna. Ko hakan na faruwa ga mutum, har yanzu ana taƙaddama.