Waiwaye: Tun kafin canjin kuɗi waya ta shiga kasuwa

Duk inda aka tayar da zancen turansifa a kasuwanninmu yanzu, ko kan alat na bogi ne, ko kan abin da masu POS ke cira, ko kan kuɗin da ya maƙale mai kaya yana tsaye yana jira, sai ka ji an ce ai canjin kuɗin 2023 ne ya jawo mana. Gaskiya ne watannin farko na shekarar sun sa mai shayi da mai kayan miya buɗe asusu ala tilas. Amma manyan kasuwanni sun daɗe da miƙa wuya ga waya kafin nan.

Farkon labarin kowa ya san shi. Layin GSM ya fara aiki a Najeriya a Agustan 2001, lokacin da mallakar layi sai mai hannu da shuni. Bayan 'yan shekaru, ɗan Kantin Kwari kan kira abokin cinikinsa na Legas ya ji farashi kafin ya hau mota, wasu kuma su turo lambar katin waya a sayar a karɓi kuɗi. A 2012 aka fara gwajin tsarin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas, ya iso Kano a Yulin 2013, BVN ta biyo baya a 2014.

Abin da ba a cika tunawa da shi ba ya faru ne a tsakankanin waɗannan. A 2011 aka samar da hanyar tura kuɗi nan take daga wani banki zuwa wani. Kafin nan, in ka biya mutum da cek sai ya jira kwanaki. Da farko ɗan kasuwa bai ga amfanin abin ba, domin sai an je banki an bi layi, ko a samu intanet. Sai wajen tsakiyar shekarun 2010 bankuna suka yawaita lambobin nan na tura kuɗi masu alamar tauraro (*) da shinge (#), waɗanda ke aiki a kan ƙaramar waya mai tocila, ba data, ba manhaja. A ganina nan ne al'amarin ya juya.

A duba mai sayen hatsi a Dawanau, ko dillalin shanu a Potiskum. A da, ya kan ƙunshe kuɗi cikin buhu ya lulluɓe da tsumma, ko ya raba wa yaransa biyu su hau motoci daban, zuciya na dukan uku-uku har a isa, domin 'yan fashi sun san ranar kowace kasuwa. Garuruwa da dama kuma babu reshen banki ko ɗaya. Wannan mutumin ba wa'azin zamani ne ya ja shi ga waya ba, tsoron hanya ne da nisan banki. Bai iya Turanci ba, amma ya haddace lambobin. Ya danna, yaron shago ya karanta masa saƙon da ya shigo, ya ce a ɗora kaya. Da dokar wakilan banki ta 2013 ta fara kama ƙasa, mai POS ya kafa lema a bakin tasha, sai ƙauye ma ya samu wurin cire abin da aka turo.

Daga nan ne kuma alat na bogi ya samu ƙofa. Kasuwarmu a kan amana take tafiya, ana ba da kayan miliyoyi da baki kawai. Wannan amanar aka ɗora a kan saƙon waya, ba tare da an koya wa mutane cewa kowa zai iya rubuta saƙo mai kama da na banki ba. An miƙa musu hanyar biya, ba a haɗa musu da hanyar tantancewa a harshen da suke ji ba.

Shi ya sa da ƙarancin kuɗi ya zo a 2023, babban ɗan kasuwa ya ji jiki amma cinikinsa bai tsaya ba. Waɗanda suka fi shan wuya su ne matan da ke sana'a a cikin gida da manoman da ke kawo buhu ɗaya ranar kasuwa, waɗanda shekara goma ana wannan sauyi ba su da asusu, wasu ko katin shaidar da za su buɗe shi da shi ba su da shi.